An caje ni fiye da ƙima a gidan burodi, na koma ƙorafi na dawo da ɓacin rai

Assalamu alaikum Anti. Ranar Asabar da ta wuce na shiga wani gidan burodi da na saba zuwa, na sayi burodi da kek saboda baƙin da zan yi. Na biya da katin banki, na karɓi rasit na cusa a jaka ban duba ba. Sai da na isa gida na ga abu biyu. Kek ɗaya na ɗauka amma biyu aka buga mini, sannan burodin da aka liƙa wa takardar rangwame cikakken kuɗinsa aka cire. Na juya na koma. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ko kallon rasit ɗin ba ta yi ba, ta ja tsaki, ta ce ai ba a mayar da kuɗi in an fita da kaya, kuma me ya hana ni dubawa tun ina wurin. Ga mutane a layi kowa ya zuba mini ido. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, har na ce mata ɓarauniya. Ta fashe da kuka, ni kuma na fice, ba kuɗi ba ban haƙuri. Maigidana ya ce kuɗin bai taka kara ya karya ba, in bar su da Allah. Ƙanwata kuma ta ce in koma in ɗauki hoton wurin da na yarinyar in sa a Facebook kowa ya san halinsu. Yau kwana huɗu abin yana cina. Wani lokaci in ji ni aka zalunta, wani lokaci in ji ni ce na yi zalunci. Don Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da ya sa zuciyarki ke kai kawo tsakanin "an zalunce ni" da "na yi zalunci" shi ne duka biyun sun faru a rana ɗaya, cikin mintuna kaɗan, kuma kina ƙoƙarin ki ba su hukunci ɗaya. Ba za su karɓi hukunci ɗaya ba. Kina bin gidan burodin nan kuɗi, kina bin su ban haƙuri kan tsakin da aka ja miki, ita kuma yarinyar tana binki kalma ɗaya da kika jefa mata a gaban jama'a. Shawarata ita ce ki koma, ki karɓi naki, ki biya nata.

Bari mu fara da kuɗin, tunda a kansa maigidanki ya yi magana. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, yana son hankalinki ya kwanta ne. Amma ƙanƙantar kuɗi ba ta mayar da shi halalin wanda ya riƙe. Kek ɗin da aka buga miki sau biyu, ɗaya kika ci, ɗayan yana nan a kantarsu, wataƙila ma sun sayar wa wani, sun karɓi kuɗinsa karo na biyu. In kika ga dama ki yafe, wannan alheri ne daga gare ki. Sai dai yafiya takan zo ne bayan an amsa cewa abin naki ne. Wadda aka ce mata "ba a mayarwa" ta juya ta tafi ba yafewa ta yi ba, hana ta aka yi, shi ya sa har yau abin bai bar zuciyarki ba. Da yafiya ce da tuni kin manta.

Akwai kuma wani abu da ya wuce aljihunki. Wannan takardar rangwamen ba ke kaɗai kika gan ta ba. Duk wanda ya ɗauki burodin nan a ranar saboda ya ga an rage masa kuɗi, shi ma cikakken farashi ya biya, kuma mafi yawansu ba za su taɓa sani ba, domin mutane kaɗan ne ke karanta rasit. Da yayyafi kogi kan cika. Idan kowa ya ce nasa kaɗan ne, kuskuren zai zauna a cikin injin har sai ranar da wani ya buɗe baki. Mai shagon kirki gode wa irin wannan mutumin yake yi, don ya nuna masa ɓarakar da shi bai gani ba.

Maganar da yarinyar ta gaya miki kuwa, cewa ba a mayar da kuɗi in an fita da kaya, ƙa'ida ce ta gaske amma an ɗora ta inda ba wurinta ba. Masu sayar da abinci suna da dalilin ƙin karɓar abin da ya riga ya bar hannunsu, domin ba su san inda aka ajiye shi ba, ba su san wa ya taɓa shi ba, ba za su iya sayar wa wani ba. Wannan magana ce kan mayar da kaya. Ke ba kaya kika kawo ba. Kin zo ne da takarda da ke nuna an karɓi kuɗin abin da ba a ba ki ba. Ki riƙe wannan bambancin da kyau, domin idan kin koma akwai yiwuwar a sake karanta miki wannan ƙa'idar, kuma amsarki gajeriya ce: ban zo mayar da komai ba, na zo a gyara lissafi ne.

Yanzu ga inda nake son ki saurare ni da haƙuri, domin a nan ne ba zan goyi bayanki ba. Ba ki da hujjar kiran yarinyar nan ɓarauniya, kuma abin da ke hannunki ma yana nuna akasin haka. Da kati kika biya. Kuɗin da aka cira da kati asusun gidan burodin yake shiga, ba ya bi ta hannun kashiya balle ya shiga aljihunta. Sannan ita da kanta ta miƙa miki rasit ɗin da kek biyu ke rubuce ƙarara a jikinsa. Mai niyyar cuta a wurin karɓar kuɗi rasit yake gudu, ya karɓi tsabar kuɗi ya ƙi buga cinikin, ko ya ce takarda ta ƙare. Asalin injin karɓar kuɗi ma don toshe wannan ƙofar aka ƙirƙire shi. Wani ɗan Amurka mai suna James Ritty, wanda ke da gidan shaye-shaye a garin Dayton na jihar Ohayo, shi ya fito da shi a 1879 saboda yana zargin ma'aikatansa suna soke wani abu daga ciniki. Daga baya aka ƙara wa injin naɗin takarda don kowane ciniki ya bar shaida. Takardar da ke cikin jakarki jikanyar waccan ce, kuma tana ba da shaida ga mai saye kamar yadda take ba da ita ga mai aiki. A wannan karon ta tabbatar an caje ki fiye da ƙima, ta kuma nuna ba a ɓoye miki komai ba.

To ta yaya kuskuren ke faruwa? Tun da aka fara amfani da zanen layi-layin nan da ke jikin kaya, wanda aka fara haska shi a wani kanti a Amurka a 1974 a jikin fakitin cingam, farashi ya tashi daga jikin kaya ya koma cikin kwamfuta. Injin lambar kaya kawai yake karantawa, sai ya ɗauko farashin da aka ajiye masa. Ke nan farashi yana zaune a wuri biyu: takardar da kike gani a kanta, da lissafin da ke cikin kwamfuta. Wani ne ke liƙa takarda, wani ne ke shigar da lissafi, kuma sau da yawa kashiya ba ko ɗaya daga cikinsu ba ce. In aka sa rangwame aka manta ba a shigar ba, ko wa'adinsa ya ƙare aka manta ba a cire takardar ba, sai abin da ya same ki ya faru. A gidan burodi abin ya fi sauƙin rikicewa, domin yawancin abin da ake gasawa a wurin ba shi da wannan zanen, kashiya ce ke danna sunansa a allon injin da yatsa. Yatsa ya taɓa sau biyu cikin gaggawa, ga layi ya yi tsawo, kek ɗaya ya zama biyu. Sakaci ne, kuma sakacin da ya kamata a gyara shi nan take, amma tsakanin sakaci da sata akwai tafiya mai nisa.

Ba ina wanke ta ba ne. Tsakin da ta ja miki rashin tarbiyya ne, ƙin duba rasit ɗin kuma gazawa ce a aikin da aka ɗauke ta ta yi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wanda ya tsaya gaban jama'a yana karɓar kuɗinsu, sakin fuska yana cikin abin da ake biyansa ya yi. Ko da ba za ta iya warware matsalar ba, ba abin da ya hana ta cewa, ki yi haƙuri Hajiya, bari in kira miki manaja. Wannan jimlar kaɗai da ta kashe wutar tun kafin ta kama. Abin da nake son ki sani shi ne, a shaguna da yawa kashiya ba ta da ikon soke ciniki ko mayar da kuɗi da kanta, sai an kira na sama da ita ya sa lambarsa ta sirri, kuma an yi hakan ne da gangan don hana almundahana. A wasu wuraren ma duk giɓin da aka samu a lissafin ƙarshen rana daga albashin mai aiki ake cirewa. Yarinyar da ke cikin irin wannan hali, in ta ga rasit ya dawo, tsoro ne ke fara kama ta, tsoron kuma yakan fito da siffar rashin kunya. Wannan bai halatta mata tsaki ba, amma ya nuna kin tsaya neman haƙƙinki a wurin wadda wataƙila mabuɗin ba ya hannunta. An bar jaki ana dukan taiki.

Addini ya ba mai haƙƙi damar magana. Ya tabbata cewa wani mutum ya zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana neman bashinsa da kaushin harshe, sahabbai suka yunƙura masa, sai ya ce su ƙyale shi, mai haƙƙi yana da ta cewa. Saboda haka kada ki ji kunyar komawar da kika yi, ko ɗaga muryar da ta kuɓuce miki bayan an wulaƙanta ki. Amma Manzon Allah ne kuma ya roƙa wa mutum rahama idan ya zama mai sauƙi in zai sayar, in zai saya, da in zai karɓi haƙƙinsa. Tuhumar sata a bainar jama'a ta fita daga neman haƙƙi, ta shiga cin mutunci. Mutanen da ke layin nan ba su ga rasit ba, ba su san yadda aka yi ba, abin da suka tafi da shi gida kawai shi ne an kira kashiyar wurin ɓarauniya. Ga mai aikin riƙe kuɗi, amana ita ce jarinta kaf. In kalmar ta kai kunnen mai gidan a karkace, tana iya rasa aikinta a kan kek ɗin da ko ɗanɗanarsa ba ta yi ba.

Shi ya sa shawarar ƙanwarki ba ta kwanta mini ba ko kaɗan. Magana zarar bunu ce, a intanet kuwa abin ya fi muni, domin ko kin goge wasu sun riga sun adana, sun tura gaba. Mutanen da ba su san ki ba, ba su san ta ba, za su yi mata rubdugu, kuma ba ki da linzamin da za ki tsayar da su ranar da fushinki ya huce. Ƙari a kan haka, jingina wa mutum sata a rubuce ba tare da hujja ba ɓata suna ne, dokokin ƙasashe da yawa suna hukunta shi. Sai ki wayi gari ke da kike da gaskiya kin koma mai kare kanki. Yaɗa ƙorafi a fili yana da ranarsa, wato bayan an bi ta ƙofa an rufe miki ita, kuma ko a ranar abin da ya faru ake faɗa, ba tare da fuskar ƙaramar ma'aikaciya ba.

Ga yadda nake ganin za ki yi. Ki zaɓi lokacin da ba cunkoso, kada ki je da sassafe ko da yamma lokacin da kowa ke rububin burodi. Ki tafi da rasit da saƙon da banki ya turo miki na cire kuɗin. Kada ki tsaya a layin biya, ki tambayi wani ma'aikaci ya kira miki manaja ko mai wurin. In ya zo ki gaishe shi, ki ce masa ke mai ciniki ce a nan tun da daɗewa, domin wannan gaskiya ce kuma tana da nauyi a kunnen ɗan kasuwa. Sai ki nuna masa layin da aka maimaita, ki nuna masa farashin burodin, ki faɗi abin da kike so a fili: a mayar miki da kuɗin kek ɗaya da bambancin rangwamen. Mutane da yawa suna zuwa ƙorafi su zazzage ɓacin ransu tas, su tafi ba su faɗi abin da suke so a yi musu ba, sai a sallame su da "za mu duba". Rasit ɗin yana ɗauke da kwanan wata da lokaci, sau da yawa har da lambar injin da ta kashiya, don haka gano cinikin a kwamfutarsu ba wuya. In ya yi shakkar ko kek nawa kika fita da su, ki ce ya duba kyamarar tsaro in suna da ita. Wannan ma dalili ne na kada ki ja lokaci, domin waɗannan na'urori kan shafe tsohon hoto su ɗora sabo bayan wasu kwanaki ko makonni.

Batun kek ɗin ba ja-in-ja a kansa. Na rangwamen kuwa yana iya ce miki wa'adin ya wuce, an manta ne ba a cire takardar ba. Dokar ƙasashe ta bambanta kan ko wajibi ne mai shago ya sayar a farashin da ya liƙa, amma hujjarki mai sauƙi ce: abin da kika gani a rubuce shi ya sa kika ɗauka, mantuwar tasu ce. Shaguna da yawa sukan girmama farashin da ke rubuce ko don kare sunansu. In an amince za a mayar ta kati, ki karɓi takardar shaidar mayarwar, ki kuma sani kuɗin kan ɗauki wasu kwanakin aiki kafin ya bayyana a asusunki, kada ki ga bai shigo da yamma ba ki ce an sake cutarki.

Bayan an gama da kuɗi sai ki kawo maganar tsakin, a taƙaice, ba ƙari ba gishiri. Ki faɗi abin da aka yi da abin da aka ce, ki bar masa hukunci. Kada ki nemi a kore ta. Abin da zai amfani na bayanki shi ne a koya wa ma'aikata su riƙa kiran na gaba da su duk lokacin da aka dawo da rasit. A nan kuma, a gaban manajan, ki ce kin faɗi wata kalma cikin fushi wadda ba ki da hujja a kanta, kin janye ta. Ki nemi a kira yarinyar ki faɗa mata da bakinki. Na san wannan shi ne mafi nauyi a cikin duk abin da na ce, musamman ga babbar mace a gaban yarinyar da ta fara yi mata rashin kunya. Amma a fili kika tuhume ta, bai kamata ki wanke ta a ɓoye cikin zuciyarki kaɗai ba, kuma wanda ya fi buƙatar jin wankewar shi ne mai biyanta albashi. Kada ki sa ran lallai ita ma za ta ba ki haƙuri. In ta bayar, madalla. In ba ta bayar ba, ke dai kin sauke naki nauyin, kuma ina kyautata zaton a ranar za ki yi barcin da ya gagare ki kwana huɗun nan.

In kuwa manajan ma ya nuna miki halin ko-in-kula, to a lokacin ne matsalar ta zama ta gidan gaba ɗaya. Sai ki rubuta ƙorafi gajere ga mai wurin ko babban ofishinsu, ki haɗa da hoton rasit. Kina iya kai maganar ga bankinki tunda da kati kika biya, kina kuma iya zuwa hukumar kare haƙƙin masu saye, wadda ƙasashe da yawa suke da ita. Jin koken mai saye ba alfarma ba ce da ɗan kasuwa ke yi in ya ga dama. Tun a 1962 shugaban Amurka John Kennedy ya lissafa haƙƙin a saurari mai saye cikin haƙƙoƙi huɗu da ya gabatar wa majalisar ƙasarsa, a 1985 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojinta na kare masu saye. Bayan duk wannan, ƙafarki taki ce, ba wanda zai tilasta miki ci gaba da kai kuɗinki inda ba a ganin darajarki.

Maigidanki kuwa ki gaya masa ba don yawan kuɗin za ki koma ba, akwai maganar da kika bari a can wadda sai ke za ki iya ɗauko ta. In ya samu sarari ya raka ki, zuwanku tare zai sa zancen ya tafi cikin natsuwa. Kafin nan, yau ɗin nan, ki ciro rasit ɗin daga jaka ki ɗauki hotonsa da wayarki. Irin takardar da injinan nan ke bugawa zafi ne ke fito da rubutunta, ba tawada ba, kuma zafin rana ko gogayya a cikin jaka yana iya dusashe shi har ya kasa karantuwa kafin ranar da za ki je.